Kimiyyar Tsufa: Yadda Ake Fenti da Tsufar da Samfurin Tankar Yaƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Boɗinga ko Shagari, ko wani gari irinsu a ƙasar Sakkwato, ya san motar kara da motar langa-langa. Da an gama girbi sai yara su tsinci karan dawa da gwangwanayen madara da tsofaffin silifa, su zauna gindin bishiya su ƙera gingimari ko tifa, har da tayoyi da sitiyari. Sau da yawa manya kan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, kuma da yaro ya shiga sakandare sai ya yar da shi. Wannan asara ce, domin kuwa hannun da ya iya ƙera mota da gwangwani, da idon da ya iya lura da siffarta, su ne kayan aikin farko na injiniya da masanin kimiyya.

A wasu ƙasashe wannan wasa ya zama fasaha ta manya. Ana ƙera ƙananan samfurori na jiragen sama da jiragen ruwa da tankokin yaƙi bisa ma'auni, a yi musu fenti, sa'an nan a sanya musu alamun tsufa, watau tsatsa da ƙura da koɗewa, har mai kallon hotonsu ya kasa rarrabe su da na gaske. Wannan mataki na ƙarshe shi ne za mu kira tsufarwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake yin sa, ta kuma nuna cewa kowace alama da ke jikin tsohuwar mota tana da dalili na kimiyya. Wanda bai san dalilin ba, ƙazanta kawai zai shafa wa samfurinsa.

Tankar yaƙi da ma'auninta

Sojojin Ingila ne suka fara shigar da tanka fagen fama, ranar 15 ga Satumba, 1916, a yaƙin Somme da ke ƙasar Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunan ma dabara ce ta ɓoye sirri: an bar mutane suna zaton tankunan ruwa ake ƙerawa. A nan gida kuwa, a shekarar 1981, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, Nijeriya ta yi odar tankoki samfurin Vickers Mk 3 daga Ingila. Wannan tanka nauyinta ya kai kimanin tan 40, faɗinta ya ɗan wuce mita 3, tsawonta kuma, idan an haɗa da bakin igwa, ya kusa mita 10. Da ita za mu yi misali.

Ma'aunin da masu wannan fasaha suka fi amfani da shi shi ne 1:35, ma'ana santimita 1 a jikin samfuri daidai yake da santimita 35 a jikin tanka ta gaske. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ne ya yaɗa shi tun farkon shekarun 1960, lokacin da ya ƙera wata 'yar tanka daidai girman da zai ɗauki batura da ɗan inji. A wannan ma'auni tankarmu za ta koma kimanin santimita 28 a tsawo da santimita 9 a faɗi, sojan da tsayinsa ya kai mita 1.75 kuma ya koma santimita 5. Nauyi kuwa yana bin girman jiki ne ta fuska uku, watau 35 × 35 × 35, wanda ya ba da 42,875. Saboda haka da za a ƙera samfurin da ƙarfe iri ɗaya, komai da komai, tan 40 ɗin nan ba zai cika kilo 1 ba.

Wannan lissafi shi ne ke mulkin aikin fenti gaba ɗaya. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita 1, idan aka ɗora ta a kan samfuri, ta zama dutse mai santimita 3.5. Haka nan fentin da kaurinsa ya kai rabin milimita tamkar an yaɓa wa tanka ta gaske siminti ne mai kusan santimita 2. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce: komai a tsinka shi, komai a tankaɗe shi.

Mene ne fenti?

Almajirin da ya taɓa haɗa tawadar allo ya riga ya san amsar. Yakan sami gawayi ko baƙin tukunya ya niƙa, ya sa ƙaro, ya zuba ruwa. Gawayi shi ne launi, ƙaro shi ne maɗauri da ke manne launin a jikin allo, ruwa kuma shi ne matsinki da ke sa abin ya gudana, daga baya ya tashi ya bi iska. Kowane fenti a duniya a kan waɗannan abubuwa uku ya ginu. Fentin ruwa irin na akirilik yana bushewa ne idan ruwansa ya tashi, cikin mintoci kaɗan a zafin Sakkwato. Fentin mai kuwa, bayan matsinkinsa ya tashi, sai mansa ya haɗu da iskar oksijin kafin ya ƙanƙare, shi ya sa yakan kwana ɗaya ko fiye bai gama bushewa ba.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ƙwarai. Kananzir da tina suna narkar da fentin mai, amma kananzir ba ya cika taɓa fentin akirilik da ya bushe sosai. Saboda haka idan an yi shimfiɗar ƙasa da fentin ruwa, sai a yi aikin tsufarwa da fentin mai a kai. Idan kuwa an yi ƙasa da na mai, to a bi da na ruwa. Wanda ya yi amfani da fentin mai sama da ƙasa, zai iya ganin na saman ya kwashe na ƙasan, wahalarsa ta tashi a banza.

Shirya jikin samfuri da shafin farko

Samfurorin roba da ake sayarwa a kwali suna da tsada, kuma ba a cika samunsu a kasuwanninmu ba. Amma kwali mai kauri da gwangwani da waya da murafan kwalba sun wadatar. Gwangwanin madara ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza don hana tsatsa, kuma santsinsa ba ya barin fenti ya kama. Sai a goge shi da samfefa mai laushi, a wanke da ruwan sabulu don a kawar da maiƙon hannu, a bari ya bushe. Daga nan a shafa masa jan fentin nan da masu walda ke fara shafa wa ƙyauren ƙarfe. Kwali kuma a fara shafa masa farin gam da aka tsinka da ruwa, don kada ya sha fenti ya kumbura.

Bayan wannan sai launin tanka, ko kore irin na soja ko ruwan ƙasa irin na hamada. A shafa shi tsinkakke sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya bushe. A nan akwai wata hikima. Mai kallon samfuri daga nisan mita 1 tamkar yana kallon tanka ta gaske ne daga mita 35, kuma kowa ya san abin da ke nesa launinsa ya fi dusashewa, saboda ƙura da tururin da ke cikin iska suna watsa haske tsakaninsa da ido. Idan hazo ya sauka a watan Janairu, itatuwan da ke nesa kan zama toka-toka, na kusa kuwa suna nan da korensu. Don haka akan ƙara ɗan fari ko rawaya a cikin launin, gwargwadon ɗigo ɗaya cikin goma, domin samfurin kada ya yi duhu fiye da kima.

Ɗakin gwaji a bakin titi

Kafin a fara tsufarwa, dole a yi nazari. Gani ya kori ji. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ba ta rabuwa da gingimari da tankokin mai da tifofi. Tarakta a gona, da katafila a wurin aikin hanya, su ne suka fi kama da tankar yaƙi, musamman katafila mai tafiya a kan sarƙa. Ɗalibi ya ɗauki littafi da fensir, ya nemi izinin direba, ya zana abin da ya gani: ina fenti ya koɗe, ina ya kankare, ina ƙura ta taru, ina ƙarfe ke ƙyalli. Sai dai a kiyaye, ba a zuwa barikin soja ko wurin binciken ababen hawa a ce za a ɗauki hoto. Hotunan tankoki suna nan a littattafai da jaridu da intanet.

Wanda ya yi wannan nazari zai ga abubuwa huɗu ne ke tsufar da mota: rana, ƙura, ruwa da iska, sai kuma guga.

Rana da koɗewar launi

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet. Yana da ƙarfin da ke tsinka ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin maɗaurin fenti da na wasu launuka. Sakamakon haka fentin ya rasa sheƙi, ya yi fari-fari, har idan aka shafa hannu a ga gari kamar alli. A yankin da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, sararin sama kuma ya yi watanni babu gajimare, wannan aiki yana sauri. Rufin mota da bonet su suka fi koɗewa, ƙarƙashi kuwa launinsa na nan.

Don kwaikwayon haka, sai a ɗebi launin tankar a ƙara masa haske, a tsinka shi sosai, a shafa a tsakiyar wuraren da ke kallon sama kaɗai: saman ɗakin igwa mai juyawa, da murfin inji, da bayan bakin igwa. Gefe da lunguna a bar su da duhunsu.

Wanki da busasshen buroshi

Dabaru biyu ne suka fi shahara a wannan fasaha, kuma François Verlinden na ƙasar Beljiyam da Sheperd Paine na Amurka suna cikin waɗanda suka yaɗa su a shekarun 1970 da 1980. Ta farko ita ce wanki. Akan tsinka fenti baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu har ya zama kamar ruwan shayi, a tsoma siririn buroshi, a taɓa gindin noti ko layin walda ko gefen murfi. Nan take ruwan zai ruga da kansa ya bi tsagin. Ƙarfin da ke jan sa shi ne wanda ke sa kananzir ya hau lagwanin fitila: ruwa yana manne wa bangon siririyar kafa, ya ja sauransa ya bi. Idan fentin ruwa ne ya ƙi bazuwa, ya dunƙule kamar raɓa a ganye, ɗan ɗigon ruwan sabulu zai karya fatar da ke samansa. Amfanin wanki shi ne ya maido da inuwar da ƙanƙantar samfuri ta ɓatar, ya kuma nuna dauɗar da ke taruwa a lunguna.

Ta biyu ita ce busasshen buroshi. A tsoma buroshi mai faɗi a launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai a jikinsa, sa'an nan a riƙa share gefuna da shi a hankali. Wuraren da suka taso ne kawai za su kama launin, kamar yadda haske ke sauka a kansu a zahiri.

Tsatsa: inda take da inda ba ta

Tsatsa tana samuwa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa, su ba da oksayid na ƙarfe mai ɗauke da ruwa (Fe₂O₃·xH₂O). Idan aka rasa ɗaya daga cikin biyun, ba ta samuwa. Malami zai iya nuna wannan da ƙusoshi uku da kwalabe uku. Ta farko a sa mata ruwa rabi a bar ta a buɗe. Ta biyu a nutsar da ƙusar a ruwan da aka tafasa, a zuba man gyaɗa a sama don ya tare iska. Ta uku a sa ƙusa busasshiya tare da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a toshe. Bayan mako guda ta farko ce kaɗai za ta yi ja. Gishiri da zafi da tsami suna ƙara wa abin sauri.

Daga nan za mu fahimci kuskuren da sababbin hannu suka fi yi, watau lulluɓe tanka da tsatsa. A lokacin hunturu laimar iska a Sakkwato kan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, damina kuma ba ta cika wuce watanni huɗu ba. Don haka mota a nan ba ta tsatsa kamar ta Legas ko Fatakwal, inda ga laima ga gishirin teku. Bugu da ƙari, tankar da ke bakin aiki tana da masu kula da ita. Inda za a ga tsatsa shi ne salansa, saboda zafi ya ƙone fentinta, da lungunan sarƙa, da wurin da aka daɗe da kankarewa. Sabuwar tsatsa ruwan lemo ce, tsohuwa kuma ja ce mai duhu. Har ila yau, ƙaramar tankar nan Scorpion, wadda ita ma sojojin Nijeriya suka saya daga Ingila, sulkenta na alminiyam ne. Shi kuwa alminiyam ba ya jar tsatsa, don haka wanda ya zana ta a jikin sulken Scorpion ya tona wa kansa asiri.

Ɗalibi zai iya yin tsatsarsa da kansa. Ya jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan gishiri da ɗan lemon tsami, ya bar shi a buɗe kwanaki kaɗan, ya shanya, ya niƙa. Garin da ya samu launi ne na gaske. Idan ana son nuna zubar tsatsa, sai a ɗiga kaɗan a gindin noti, a ja shi ƙasa da buroshi mai laima. Ƙasa kaɗai ake jan sa, domin ruwan sama ba ya gangarawa sama.

Guga da kankarewa

Inda takalmin soja ke taka, da inda hannu ke kamawa, da gefen da ke gogar itace da dutse, nan fenti ke kankarewa. Akan yagi ɗan soson katifa a dangwala a fenti mai duhu, a rage shi a takarda, a riƙa taɓa gefunan murfi da matakala. Wata dabarar kuma ta gishiri ce: a jiƙa wurin da aka shafa wa jan fenti, a barbaɗa gishiri, idan ya bushe a fesa launin tanka a kai da tsohon buroshin haƙori. Bayan fenti ya bushe sai a goge gishirin da ruwa, ya narke ya bar tabo-tabo na jan da ke ƙasa.

Wurin da ake guga kullum kuwa ba ya samun sukunin tsatsa. Dubi bakin garma ko hauyar da ake noma da ita, yadda yake ƙyalli, alhali gindinta ya yi ja. Haka haƙoran sarƙar tanka suke. Don nuna wannan, bakin fensir ya isa: girafayit ɗin da ke cikinsa yana barin sheƙi irin na gogaggen ƙarfe.

Ƙura da laka

Ƙura ita ce ke faɗin inda mota ta fito. Jar ƙasa da marmara suna samun launinsu ne daga oksayid na ƙarfe, watau dangin tsatsar da muka ambata. Lakar fadama, irin wadda ake samu a bakin madatsar ruwa ta Shagari, toka-toka ce mai duhu. Ƙurar hazo kuma fara ce mai laushi, kuma mai yawa daga cikinta iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani babban tafki ne. Kowace da wurin zamanta: wadda sarƙa ta tayar tana kama ƙafafu da ƙasan jiki da baya, ta hazo kuwa tana sauka daga sama ta kwanta a kan komai.

A ɗebo ƙasa iri biyu ko uku, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da yadi mai laushi, domin rariya ta gari ta yi faɗin ido. A shafa da busasshen buroshi, da yawa a ƙasa, ana ragewa yayin da ake hawa. Don ta zauna, sai a ɗiga mata ruwan ƙaro tsinkakke. Idan laka ake so, a kwaɓa garin da farin gam. Garin gawayi kaɗan ya isa bakin salansa. Kafin a fara dai, mai aiki ya yanke shawara: tankarsa a rani take ko a damina? Ba a haɗa ƙurar hazo da ɗanyar laka a jikin mota ɗaya.

Kiyaye lafiya

Tina da kananzir suna kama wuta, shaƙar su kuma yana cutar da huhu da ƙwaƙwalwa, don haka a yi aiki a fili nesa da murhu. A rufe hanci lokacin niƙa ƙasa. Kada a lashi buroshi, kada a kankare tsohon fentin mota ko a fasa batir don neman launi, domin ana samun dalma a cikinsu. Kada kuma a ɗebo ƙasa daga wurin haƙar ma'adinai. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Bakin gwangwani kuma a lanƙwasa shi kafin ya yanki hannu.

Kammalawa

Marigayi Shehu Shagari, kafin ya shiga siyasa, malamin makaranta ne, ya kuma koyar da kimiyya a Makarantar Midil ta Sakkwato a shekarun 1940, lokacin da kayan gwaji ba su kai na yanzu ba. Malamin kimiyya na yau da ke kukan rashin kayan aiki zai iya raba ajinsa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙera tanka ko tarakta ɗaya cikin zangon karatu. A cikin wannan aiki ɗaya za su yi lissafin ma'auni, su gwada tsatsa, su ga narkewa da bushewa, su kuma san ƙasar garinsu. Ranar da za a duba aikin, malam ya ɗora yatsa a kan kowane tabo ya tambaya: me ya kawo wannan a nan? Rukunin da ya amsa duka, shi ya cancanci maki mafi yawa, ko da tankarsa ta kwali ce.